Kwamfutar Baffa, Sabuwa Dal a Kwali

Ku matso kusa, akwai wuri a tabarmar, in ba ku labarin wata kwamfuta da aka kawo mana kyauta cikin wata damina, muka yi ta godiya da baki alhali mun rasa yadda za mu yi da ita.

Ni dai karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi firamare, a nan na tsaya. Kuma ba mai son fita ba ce ni. In ba biki ko gaisuwa ba, a tsakar gidanmu na Soron Ɗinki za ku same ni, ko ina tsinkar zogale ko ina tankaɗe. Amma Allah Ya ba ni kunne. Daga gyaran muryar mutum a zaure nakan san wane ne, daga yadda aka dire buta nakan san ko da fushi aka shigo.

'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, ita ce ta yi nisa a boko. A lokacin tana digiri na biyu, bincikenta kuma a kan kududdufan cikin birni ne, waɗanda muka taso muna gani, aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka cike aka yi gini, har ruwan sama ya rasa wurin kwanciya ya koma shigo mana lunguna. Aikin ba na biro da takarda ba ne kawai. Hotunan birnin nan da aka ɗauka daga sama take ɗaukowa, na da da na yanzu, ta ɗora wani kan wani, ta haɗa da lissafin ruwan sama na shekaru masu yawa, sannan kwamfuta ta tace mata. A makaranta take yi, a ɗakin da aka jera musu kwamfutoci, amma layi ake bi, kuma in layin ya zo kanka sai a ɗauke wuta. Malaminta kuwa ya riga ya gaya musu: wanda ya kawo sakamakonsa kafin a rufe zangon zai kare aikinsa tare da 'yan ajinsu, wanda bai kawo ba sai baɗi. Shekara guda ke nan a banza. Shi ya sa ta ce dole ta nemi tata, irin wadda ake naɗewa a sa a jaka.

Ba ta yi gaggawa ba, ita dama haka take. Ta yi ta tambayar waɗanda suka riga ta, ni kuma ina gefe ina jin kalmomi suna wucewa ta waya. Ram. Furosesa. Batir. Har na haddace su kamar sunayen ƙannen miji. Wata rana ina gyaran wake na ce mata, “Ke, wai mene ne ram ɗin nan da kike kira safe da yamma?”

Ta yi dariya ta ce, “Umma, ɗauki misalin girki. Akwai rumbu, inda ake ajiye hatsi, wannan ko ya yi ɗan ƙarami ana iya ƙarawa da na waje. Akwai wuta, ita ce furosesa, in ta yi ƙarfi girki ya yi sauri. Ram kuwa tukunyar ce. Nawa aikin girkin biki ne. In tukunyar ta mutum biyu ce, ko itacen duniya kika tura ba za ta ɗauka ba.”

Na ce, “To wace tukunyar kike nema?”

Ta ce mai lamba sha shida. Ta ce sababbin da suka kai haka sun fi ƙarfinmu, amma akwai na hannu, waɗanda ma'aikata suka yi amfani da su a ƙasashen waje aka kawo su nan. Munana ne, baƙaƙe, masu kauri, amma ciki lafiya lau. Irinsu take so, mai riƙe caji, saboda halin wutarmu.

A nan Baffa ya shigo labarin. Baffa yayan mahaifinta ne, kuma tun da Allah Ya yi wa mahaifin rasuwa tana sakandare, shi ya riƙe gidan nan da karatunta, bai taɓa bari mun tambaya sau biyu ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mata, don haka shi “Uwata” yake ce mata. Asalinsu Barebari ne, kakanni suka zo daga Barno suka zauna har yaren ya tafi, ya bar musu 'yan gaisuwa da son turaren wuta da iya kafa hula. Sana'arsa ke nan ma, huluna da zaren ɗinki yake sayarwa a Ƙofar Wambai. Mutum ne da in ya shafa abu da babban yatsa zai gaya maka ko aikin kirki ne. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nan yake biyowa, a shimfiɗa masa darduma a rumfa, ya ci abinci, ya ji lafiyar kowa.

To a irin wannan zaman ne na ce masa, kaina a ƙasa, “Alhaji, yarinyar nan fa ana maganar kwamfuta a makarantarsu.” Ya ce, “To.” Ni na ɗauka zai kira ta su yi shawara.

Juma'a ta zagayo sai ga shi da kwali a hammata, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba tun bayan rasuwar ƙaninsa.

“Ina Uwata? Zo ki buɗe da hannunki.”

Ta durƙusa ta yanke ledar. Jama'a, abin kallo! Fara ce sol kamar tasar azurfa, siririya, ba ta fi faranti nauyi ba. Har wani ƙamshin sabunta take yi. Baffa ya karɓa ya shafa bayanta da yatsa, ya juya ta ga haske.

“Dubi aiki. Ko gaɓa ba ka ji. Yaron shagon ya so ya nuna mini wasu baƙaƙe da aka gama ci da su a wata ƙasa, na ce kai, rufa mini asiri. Tun da aka haife ta ban taɓa sa wa Uwata kwance ba, ba yau zan fara ba. Ya ce me za a yi da ita, na ce karatu. Ya ce in dai karatu ne wannan ta isa har ta yi yawa.”

Ta yi godiya, na yi godiya, har maƙwabta aka kira suka sa albarka. Amma na ga lokacin da ta karkata kwalin ta karanta ɗan rubutun da ke gefe, na kuma ji yadda godiyarta ta biyu ta fi ta farko sanyi. Na ɗauki kwalin da ledojinsa na ɗora a kan durowa, don ni ko gwangwanin madara ba na yarwa.

Ba ta kawo mini ƙara ba, kunnena ne ya gaya mini. Da hantsi takan zauna a rumfa, in ji yatsunta suna tafiya, ƙas ƙas ƙas, kamar kaji a kan faifai. In rubutu take yi haka zan yi ta ji har azahar. Amma ranar da ta ce za ta fara taswirar kududdufan, sai in ji ƙas ƙas, sai shiru. Shirun ya yi tsawo har in gama wanke shinkafa. Sai tsaki, ƙarami, irin wanda ba a so uwa ta ji. Sai a kashe a kunna. Sai kuma shiru.

Da abin ya yi kwanaki, na aje ludayi na je na tsaya a kanta. Wani ɗan zobe ne a tsakiyar gilashin yana ta juyawa, ba ya gaba ba ya baya.

Na ce, “Lamba nawa ce tukunyar?”

Ta ce, “Huɗu, Umma.”

“Ba a ƙarawa?”

“Na tambaya. Irin wannan a manne take, ba a taɓawa.” Ta goge ido da gefen mayafi. “Ba ta da laifi fa. Wanda zai yi rubutu da karatu, ta ishe shi. Mai shagon ma gaskiya ya faɗa. Nawa kayan ne ya yi mata nauyi.”

“To ki gaya wa Baffanki.”

Ta ɗago ta dube ni kamar na ce ta hau katanga. “Da wane bakin? Mutumin da ya rufe shago ya tafi da ƙafarsa? Kin ga fuskarsa ranar? Ke ki gaya masa mana.”

Ni? Yayan mijina? Shekara da shekaru ko ido ba mu taɓa haɗawa ba. A gidanmu ba a mayar da kyautar babba, ba a kuma ce masa abin da ya zaɓo bai yi ba. Sayar da ita a ɓoye ma ba zai yiwu ba, don duk Juma'a kafin ya wanke hannu sai ya ce, “Ina amaryar? A fito da ita in gani.” A fito da ita, ya shafa, ya ce madalla. Ita kuwa yarinya ta koma bin layin makaranta, tana dawowa da yamma a jiƙe, zango kuma yana ta ƙarewa. Wata rana na ji tana ce wa ƙawarta a waya wataƙila ta haƙura sai baɗin. Wannan maganar ce ta tashe ni tsaye.

Katangarmu ɗaya da wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Goggo. Bafulatana ce, an daɗe da zama a birni, amma har yanzu danginta na kawo mata nono daga ruga, kuma bakinta bai tsufa ba. Kun san tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun na kakanni. Abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uba ba, abokin wasa zai faɗa a tsakiyar kasuwa, a yi dariya, ba mai riƙewa. Goggo da Baffa ba su taɓa haɗuwa an rabu lafiya ba. Ita ta ce bawanta ne, shi ya ce baiwarsa ce, har yau ba a gama shari'ar ba.

Na yafa mayafi na zaga. Na same ta tana kaɗa nono, na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Wato Babarbare ya je sayen abin boko shi kaɗai? Allah Sarki. To gaya mini ciwon abin da Hausar da zan iya ɗauka.”

Na ba ta misalin tukunya yadda aka ba ni. Ta gyaɗa kai.

“Shi ke nan. Bar ni da bawana. Ke dai ki yi masa abincin da yake so, yarinya kuma ta zauna da abin a inda zai gani.”

Da na gaya wa 'yata sai ta tsorata, ta ce kada a kunyata Baffa. Na ce mata ba wanda zai kunyata shi, ita dai ta yi aikinta kamar kullum, in an tambaye ta ta faɗi gaskiya.

Ranar Juma'a na yi burabusko da miyar yakuwa, har da bandar kifi. Hadari ya haɗo ta gabas amma bai sauko ba. Baffa ya zauna ya fara ci, ita kuma tana can ƙarshen rumfa, ta ɗora taswirarta, zoben nan ya fara juyinsa. Sai ga sallamar Goggo da 'yar ƙwarya a hannu, tana kwaikwayon gaisuwar Barebari.

“Wushe, wushe! Ashe bawana ne a gidan. Shi ya sa na ji unguwa ta cika da ƙarnin kifi.”

Baffa bai ko ɗago ba. “Wa ya bar ƙofa a buɗe har 'yar Fillo ta shigo? Ajiye nonon ki koma, ubangidanki na cin abinci.”

“Ci, ci, ai ni na ciyar da kai tun kana tallan kanwa.” Ta zauna daɓas a kujerar tsakar gida, ta juya wajen yarinyar. “Ke kuma 'yar boko, me kike kallo haka kamar mai jiran wata? Wannan ce tasar da ake ta labari?”

“Ita ce, Goggo.”

Baffa ya ce, “Sabuwa dal. Ba irin ƙoren da kuke gada tun daga kaka ba.”

Goggo ta miƙa wuya. “To me ya sa ba ta motsi? Tun da na shigo wannan abin yake juyawa kamar akuya a turke. Ke, taɓa ta mu gani.”

Ta taɓa. Ba abin da ya motsa.

“Ko barci take?”

“Tana ƙoƙarin buɗe taswira ne, Goggo.”

“Tun yaushe?”

Yarinya ta sunkuyar da kai. Ni ina bakin madafa, na riƙe murfin tukunya.

Goggo ta tafa hannu. “Na gane! Wallahi na gane. Babarbare ya je kasuwa ya zaɓo kwamfuta yadda yake zaɓen hula. Ya shafa, ya ji santsi, ya ga sheƙi, ya biya. An ce maka a ka za ta kafa ta? Yarinya za ta yi girkin biki, ka sayo mata tukunyar shayi mai zane!”

Na ji cokalin Baffa ya tsaya. Ya ce, “Ke me kika sani ban da wutsiyar saniya?”

“Ita ɗin na sani. Mu in nono muke so, saniyar da ta taɓa haihuwa muke saya, ko da tabo a gadon bayanta. Karsana mai sheƙi sai dai kallo.”

Iska ta taso ta kaɗa labulen ɗaki. Baffa ya ture kwanon gefe, ya wanke hannu a nutse, ya goge. Sannan ya ce, da wata murya ƙasa ƙasa, “Uwata, zo nan da ita.”

Ta kawo ta durƙusa. Ya daɗe yana kallon zoben.

“Haka take yi miki?”

“In rubutu ne ba ta yi, Baffa. Kyakkyawa ce, kowa ya gani sai ya yaba. Taswirar ce ta fi ƙarfinta.”

“Aikin da za ki kai wa malamin naki fa?”

“Shi ne taswirar.”

“Kuma kika yi shiru.” Ba faɗa ya yi ba, faɗi kawai ya yi. Ya juyo wajen madafa, ni kuma na ƙara shigewa ciki. Ya ce, “Wadda za ta ɗauka, wace iri ce?”

Ta ce, “Irin baƙaƙen nan ne, Baffa. Na hannu.”

Ya ɓata fuska kamar an ba shi maɗaci. Goggo ta buɗe baki za ta ƙara, ya ɗaga mata hannu.

“Ke, rufe mana baki, an ji. Kuma kada ki je ki ce wa mutane maganarki na bi. Maganar baiwa ba ta tashi a gaban alƙali. Don Uwata zan yi.” Ya dubi yarinyar. “Laifin kalma ɗaya ne. Na ce wa yaron karatu, ban ce masa wane iri ba. Gobe ki shirya mu koma tare. Ke ki duba ciki, ni in duba waje. Kwalin yana nan?”

Daga madafa na ce, “Yana nan, Alhaji, har ledojinsa.”

Goggo ta ce, “To a zuba wa bawana nono, ya sha ya huce.” Ya ce ba zai sha ba, ya san rabinsa ruwa ne. Ya shanye tas.

Kasuwar ban je ba, daga bakin 'yata na ji. Ta ce ta tafi da taswirarta a ɗan abin da suke sokawa a gefe, mai kama da yatsa. Mai shago ya ga farar ba ko ƙwarzane, ga kwali, ya yarda a yi musaya. Ya jero musu baƙaƙe a kan teburi. Ba ta yarda da abin da aka manna a jikinsu ba, kowacce sai ta kunna ta shiga ciki ta karanta lambar tukunyar da idonta, sannan ta ɗora mata taswirar. Wata ta buɗe amma ta ɗau zafi har ba a iya ɗora ta a cinya. Wata gilashinta ya dushe, ba a bambance kududdufi da fili. Baffa kuwa yana kan benci, ya sa an zare wayar caji daga bango, ya ce a bar su haka su yi ta aiki a gani wacce za ta fara mutuwa, shi ba sauri yake ba. Duk wadda ta tsallake sai a miƙa masa, ya buɗe ya rufe ya ji ƙarfin maratayinta, ya bi madannan da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba ɗinkin hula. Ta ce har ya mayar da wata da ita ta so, saboda ya ji murfinta na lilo, kuma da aka duba da gaske ne ya kusa tsagewa.

Wadda suka dawo da ita, in gaya muku gaskiya, ba ta da kyau ko kaɗan. Baƙa, mai kauri, gefen da ake ɗora hannu har ya goge ya yi fari. Amma da ta zauna a rumfa da la'asar, sai na ji ƙas ƙas ƙas, ba tsayawa, ba tsaki. Can ta ce, “Umma, zo ki ga unguwarku.” Na je. Ga birni kwance a gilashi, ta danna wuri ɗaya sai tsofaffin kududdufan suka bayyana shuɗaye, har da wanda ke bayan gidan kakata inda agwagi ke wanka, ta sake dannawa sai suka ɓace, rufin kwano ya maye wurin. Na daɗe a tsaye har miyata ta kusa kamawa.

Ta kai sakamakonta kafin a rufe zango, ta kare aikinta tare da 'yan ajinsu. Amma kafin nan, wata Juma'a, Baffa ya sake shigowa da abu a hammata. Jaka ce ta jar fata, ya sa dukawa sun ɗinka daidai girman baƙar, da zane a bakinta irin na hular da ya fi so. Ya ce, “Uwata, a cikin gida ki yi yadda kika ga dama. Amma in za ki fita da ita, a sa mata sutura. Kada a ce 'yar gidanmu na yawo da kwance.”

Goggo ta leƙo ta kan katanga ta ce, “A'a, an yi wa tsohuwa ɗinkin salla!” Ya ce mata ta sauka kafin ta rushe wa mutane gini.

Jakar tana nan har yanzu, fatar ta yi laushi, kwamfutar ma tana aiki. Goggo ce dai ƙafa ta fara hana ta zagayowa, sai dai ni in je. Wani lokaci ina zaune ina tsinkar zogale sai in ce a raina, ranar da ba ta, wa zan aika? Ku fa, a naku gidan, in babba ya yi kuskure cikin alheri, bakin wa kuke arowa?